Farfesa Tasi'u da Takardar Tsire

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na garinmu, Rafin Ɗinya da ke ƙasar Kiru, ya san Tasi'u, ko da kuwa bai so saninsa ba. Wata bakwai kacal ya yi yana gadin wani gida a Abuja, amma da ya dawo sai ka rantse shi ya raɗa wa Turanci suna. Ya zo da tabarau wanda ba na magani ba, da biro uku a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu. Shi ya sa wa kansa Farfesa, mu kuma muka bi shi da sunan don mu huta da baki.

"Turanci iri biyu ne," haka yake cewa kullum, yana juya cokali a kofi. "Akwai na 'yan firamare, zo, tafi, zauna. Akwai kuma na ciki, karin maganar Turawa, wanda sai wanda ya ci abinci da su. Ni da nake gaya muku, na taɓa jefa wa wani Bature karin magana guda ɗaya a bakin get, sai da ya fito daga mota ya ba ni hannu."

"Wacce ka jefa masa?" in ji Baffa Dikko, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke bayan gari.

"Baffa, ko na faɗa ba za ka iya ɗauka ba. Tana da nauyi."

Da a nan abin ya tsaya, da babu wanda ya cutu. To amma injin niƙan garinmu ya mutu tun damina biyu da suka wuce, matanmu sai sun ɗora kwano a ka sun taka har Kwanar Ɗangora kafin a tuƙa tuwo. Ana cikin wannan wahala sai ga sanarwa: wata ƙungiya ta shirya gasa tsakanin azuzuwan yaƙi da jahilci na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Za a faɗi karin magana da Turanci, manya su ba da ma'anarta da Hausa. Ajin da ya zo na ɗaya zai tafi da sabon injin niƙa. Ƙuri'ar Kiru kuwa ta faɗo kan ajinmu.

Mai koyar da ajin Malama Shamsiyya ce, yarinya mai haƙuri wadda ta yi karatun koyarwa a Kano. Ita ba ta gaggawa. Sai ta ɗauki magana ɗaya ta yini tana juya ta. Ranar da ta koyar da "look after", jikan Iya Saude mai ƙosai ta nuna, yana barci a bayan kakarsa, ta ce, "Iya, abin da kike yi wa yaron nan ke nan." A mako biyu karin magana biyar suka yi. Saura mako uku a yi gasa.

Abin da ya faru a tsakani sai daga baya muka sani. Tasi'u ya je Kwanar Ɗangora ya sayi tsire, ya zauna ya cinye shi kaɗai kamar yadda ya saba, yana lasar takardar sai idonsa ya faɗa kan rubutu. Takardar gasar bara ce. Sai dai mai tsire ya tsaga ta a tsaye, rabin da ke ɗauke da Turancin ya tafi da naman wani, Tasi'u ya tashi da rabin amsoshin Hausa, daga ɗaya zuwa ashirin. Amsa ta tara ma man tsiren ya cinye ta. Ya linke abarsa ya cusa a cikin hula, bai zame ko'ina ba sai ƙofar Dagaci.

"Ranka ya daɗe, a tafiyar hawainiyar da ake yi, injin nan sai dai mu gan shi a hoto. A ba ni ajin nan mako uku. In ban kawo inji garin nan ba, ba ni ne Farfesa ba."

Dagaci ya aika aka kira Shamsiyya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta saurara, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da ja. Amma Malam Tasi'u ya faɗa mana karin magana ko da uku ne, mu ma mu ƙaru."

"Kun ji ko?" Tasi'u ya juya ga fadawa. "So take in zubar da sirri a fili, 'yan Bebeji su tsince."

Dagacinmu mutumin kirki ne, amma yana son mai magana da ƙarfi. Aka ba Tasi'u aji. Ni dai raina bai so ba, kuma ban ce komai ba, wannan laifin nawa ne har gobe.

Ranar farko Farfesa ya shigo da bulalar dogon yaro, ya cika allo da rubutu daga ɗaya zuwa ashirin. Ya zaɓi mutum uku da za su wakilce mu: Baffa Dikko, saboda ya san shanunsa saba'in da suna bai taɓa rubutawa ba, Mainasara mahauci, saboda muryarsa, da Iya Saude, saboda ta ce in ba a sa ta ba za ta daina ba kowa ƙosai.

"Ku bi ni da ƙarfi! Ɗaya, abu mai sauƙi!"

"Ɗaya, abu mai sauƙi!"

"Biyu, ya rasu!"

"Biyu, ya rasu!"

"Uku, ɗaura aure! Huɗu, tsada ƙwarai! Biyar, tona asiri!"

Shamsiyya, wadda ta koma bencin baya ta zauna, ta ɗaga hannu. "Malam, ina Turancin?"

"Wane Turanci?"

"Tambayoyin. Waɗannan ai amsoshi ne."

"Malama, tambaya aikin alƙalin gasa ce. Mu amsa aka ce mu kawo. In kin je kasuwa sayen gishiri, da gishiri kike tafiya?"

Ajin ya yi dariya. Da aka zo ta tara, Tasi'u ya ɗan yi tari ya ce wannan ta manyan Turawa ce, ba a faɗinta a gaban mata. Baffa Dikko ya ce to a sa mata abin da malamai ke sa wa abin da ya gagara. Haka ta shiga karatun: "Takwas, fushi mai tsanani! Tara, Allahu a'alamu! Goma, ɓata lokaci!"

Kafin mako biyu karatun ya sami karin waƙa, har da rangaji irin na masu tilawa. Mata na daka da shi, masu noman rake na sara da shi, yara na tsallen igiya da shi. Wata rana Mainasara ya tambayi matarsa ina babban ɗansu, ta amsa daga madafi ba tare da ta juyo ba, "Biyu, ya rasu," sai da aka yayyafa wa mutumin ruwa.

Shi kuwa Farfesa bai zauna ba. Ya sa matasa suka kafa rumfar inji a bakin kasuwa, aka share, aka yayyafa ruwa. Ya yi shatar a-kori-kura da za ta ɗauko injin. Ya ɗauko makaɗin kalangu daga Ɗansoshiya, ya ce masa, "Duk inda injin nan ya sa gaba, ka bi shi da kiɗa." Ana gobe gasa ya bi gida-gida yana shela: kada macen da ta sake ta kai niƙa Kwanar Ɗangora, kowa ta jiƙa geronta da wakenta da sassafe, kafin la'asar inji na kuka a Rafin Ɗinya.

"Ɗan nan," in ji Iya Saude, "ka san jiƙaƙƙen wake ba ya kwana?"

"Iya, jiƙa tiya goma. Ni ne fa."

Ta jiƙa tiya goma.

Ranar kasuwar Tudun Wada aka yi gasar, a ɗakin taron wata makaranta. Mun cika a-kori-kura har da masu lilo a baya. Alƙalin gasar wani tsohon hedimasta ne, Malam Mujitaba, siriri, mai ƙararrawa a gabansa. Can gefe ga injin, sabo fil, an ɗaura masa jan ƙyalle. Tasi'u ya je ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce wa mai gadinsa, "A kula da fentin, ba na son ƙwarzane."

Aka zaunar da azuzuwa a jere: Tudun Wada, Bebeji, mu, sannan Doguwa. Malam Mujitaba ya ce tambaya za ta riƙa zagayawa, kowane aji da tasa, maki biyu-biyu. Abin haushin shi ne Tasi'u ya canka daidai a abu ɗaya: takardar bara aka maimaita, ba a canza ko wasali ba. Abin da bai taɓa zuwa kansa ba shi ne ba mu kaɗai za a tambaya ba.

Tudun Wada suka amsa ta farko. Bebeji suka amsa ta biyu. Baffa Dikko bai ma saurare su ba, idonsa a rufe, yana jiran a ce Kiru.

"Kiru," in ji alƙali. "Tie the knot."

Baffa ya miƙe, ya gyara malafa, ya ɗaga murya: "Abu mai sauƙi!"

"Baba, ɗaura aure ake nufi."

"To, ai na faɗa."

"Ɗaura auren ne abu mai sauƙi?"

Wani daga bencin 'yan Bebeji ya yi ihu, "Baffa, ba ka haɗa lefe a bana ba!" Ɗaki ya ɗauka da dariya. Tasi'u ya juyo gare mu yana murmushi. "Dabara ce. Ana barin abokin gaba ya saki jiki."

Tambaya ta zagayo. Wannan karon Mainasara ne.

"Under the weather."

Mainasara ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya yadda ya dace da maganar. "Ya rasu. Allah ya jiƙansa."

Wasu tsofaffi a gaba, da ba su san me ake ciki ba, suka amsa da "Amin." Malam Mujitaba ya cire tabarau ya goge ido. "Malam, mutumin nan ɗan zazzaɓi ne kawai ke damunsa. Kai har ka kai shi makwanci?"

"Haka aka ba mu," in ji Mainasara, ya waiwayo yana neman Farfesa.

A nan ne Tasi'u ya farga. Na ga leɓensa na motsi yana ƙirga da yatsu: uku, bakwai, ta gaba sha ɗaya ke nan. Ya haye benci don Baffa Dikko ya hango shi, ya ware yatsun hannu goma. Saura ɗaya. Ya rasa inda zai samo ta, sai ya ɗaga ƙafa. Bencin makaranta kuwa ba a yi shi don tsayuwar zalɓe ba. Ya tafi da baya, ya sauka a kan tiren wata mai gyaɗa, gyaɗa ta watsu har gaban alƙali.

Amma Baffa ya gane. Sha ɗaya. Matsalar ita ce wanda ya yi hadda da waƙa ba ya iya tsinkarta a tsakiya, sai ya faro daga kai. Alƙali ya karanta tambayarsa, Baffa ya rufe ido ya fara rangaji.

"Ɗaya, abu mai sauƙi. Biyu, ya rasu. Uku, ɗaura aure..."

Wallahi ba mu yi shawara ba. Mako uku muna jin abin nan dare da rana, bakinmu ne kawai ya kama. Mutanen Rafin Ɗinya sama da arba'in muka ɗauka gaba ɗaya, mata na tafi, makaɗin kalangu ya ga abin ya yi daidai da hannunsa ya shigo. "Huɗu, tsada ƙwarai! Biyar, tona asiri!" Malam Mujitaba na kaɗa ƙararrawa, ba mai jin sa. Muka rangaɗa har "Tara, Allahu a'alamu!" Daidai nan ya buga tebur.

"Lokaci ya ƙare! Kuma wannan ta ƙarshen ita ce gaskiyar da kuka faɗa tun da kuka zo."

Ya yi gargaɗi cewa duk wanda ya sake ɗaga hannu ko ƙafa za a fitar da shi. Tasi'u ya zauna yana kakkaɓe ɓawon gyaɗa, ya raɗa mini, "Tari zan yi. Sau sha biyar, ta ƙirga." Tambaya na isowa kan Iya Saude ya fara. Ya yi ɗaya, ya yi biyu, yana kan na shida wata baiwar Allah daga Doguwa ta tausaya masa ta danna masa ledar ruwa a baki, wani kuma ya shiga dukan bayansa da gaske. Lissafi ya watse.

"Look after," in ji alƙali.

Iya Saude ta buɗe baki za ta faro daga ɗaya, sai ta tsaya. Ta kai hannu baya ta taɓa goyonta. Ta dubi bencin da Shamsiyya ke zaune.

"Kula da abu. Kamar yadda nake kula da wannan ja'irin."

"Daidai! Maki biyu!"

Muka tashi da sowa kamar mun ci injin. Tasi'u ya fizge daga hannun masu ba shi ruwa ya yi tsalle tsakiyar fili. "Ni na koya mata! Ni ne malaminsu! Farfesa Tasi'u, a rubuta!"

"Madalla," in ji Malam Mujitaba. "Dama yanzu za mu kira malamai."

Ya bayyana cewa tambayar ƙarshe ta malaman azuzuwa ce, maki goma, kuma za a fara ba ajin da ke baya don a ba shi dama. Doguwa da ke kan gaba na da takwas, mu muna da biyu. Ko ɗan da bai shiga aji ba ya san goma da biyu sun fi takwas. Injin nan yana nan a gabanmu da jan ƙyallensa, tsakaninmu da shi magana ɗaya.

Wakilin Dagaci ya matso ya kama rigar Tasi'u. "Farfesa, don girman Allah ka bar Malama Shamsiyya ta hau."

"Alƙali," in ji Iya Saude daga kan dandamali, "malamarmu ta gaskiya ga ta can."

Malam Mujitaba ya duba takarda. "Sunan Tasi'u aka rubuto. Amma in shi ya janye da bakinsa, ta hau."

Duk muka zuba masa ido. Na rantse da ya ce "na janye", da mun ɗauke shi a kafaɗa har gida, mun yafe masa gyaɗar da komai. Ya dubi Shamsiyya, ya dubi jama'a, ya gyara biro ukun nan.

"Ni in janye wa 'yar firamare? Mutumin da Bature ya fito daga mota saboda shi?"

Ya hau.

"Call off," in ji alƙali.

Tasi'u ya gyara tabarau. "A maimaita."

"Call off."

"Lamba nawa ce?"

"Ba ta da lamba."

"Haba Malam, kowace magana da lambarta. Turancin Ingila ne ko na Amurka? Don in na Amurka ne, amsarsa daban."

"Duk wanda ka iya."

"To, wannan magana tana da tushe. Asalinta, lokacin da nake Abuja..."

"Saura daƙiƙa goma."

Gumi ya karyo masa. Ya cire hula zai yi fifita, sai ga wata 'yar takarda ta faɗo, ta yi jawur da yaji, ta sauka a gaban alƙali. Malam Mujitaba ya ɗauka, ya buɗe, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ɗaga ta sama.

"Wannan rubutun hannuna ne na bara. Ƙamshin kuma na tsiren Kwanar Ɗangora ne. Farfesa, ina ɗaya rabin?"

"Wani ya saye," in ji Tasi'u, da wata 'yar murya da ba mu taɓa jin sa da ita ba.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Malamin Doguwa ya miƙe ya ce ma'anar ita ce fasa abin da aka shirya, aka ba shi goma. Alƙali ya soke sunan ajinmu, amma ya ce maki biyun Iya Saude na nan, halalinta ne ita da wadda ta koya mata. 'Yan Doguwa ba su zo da mota ba, don ba su yi zaton ci ba. Direban a-kori-kurarmu ya ce shi inji aka ce ya ɗauka, ba a faɗa masa na wa ba. Makaɗi ya ce shi ma umarninsa a fili yake. Muna tsaye a bakin titi muka ga injin ya nufi Doguwa a motarmu, da kiɗanmu.

Sai bayan la'asar muka isa gida, wasu a bayan motar rake, wasu a ƙasa. Tun daga bakin gari warin jiƙaƙƙen gero ya tare mu. Tasi'u ya so ya zame ta bayan masallaci, ya tarar mata sun riga shi. Turame shida suka jera a ƙofar gidansa, da dutsen niƙa biyu da aka tono daga bayan ɗaki, da bokitai har bakin hanya. Dagaci ya aiko cewa aji ya koma hannun Malama Shamsiyya, sauran hukunci kuma ya bar wa iyaye mata.

Iya Saude ta miƙa masa taɓarya. "Kai ka ce mu jiƙa."

Mutanen gari suka kewaye, har da masu hawa katanga. Farfesa ya cire tabarau, ya naɗe hannun riga, ya fara. Kafin ya gama turmi na biyu tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu, numfashi na fita da ƙyar. Amma da ya ɗago ya ga idanu sun yi yawa a kansa, sai ya dafa taɓarya ya gyara murya.

"Ku ba ku sani ba ne. A Abuja, Turawa kuɗi suke biya a bar su su yi irin wannan motsa jikin."

"To ka gode wa Allah, ɗan nan," in ji Iya Saude, ta juye masa wani kwanon waken. "Kai kyauta muka ba ka. Saura tiya takwas."